Yadda na jawo wa Baba tsayawar fansho, da wata shidan da muka yi muna gyara

Mahaifina tsohon soja ne. Ya shiga Defo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, a 1981 yana saurayi, ya yi shekara 35 cif yana sanye da kaki, ya ajiye aiki a 2016 da muƙamin samanja. Kafin a sallame shi sai da aka tura shi cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a da ke Oshodi a Legas, ya koyo kiwon kaji, ya dawo Zariya ya kafa ɗan keji a bayan gida. Tun daga lokacin fanshonsa ke shiga duk ƙarshen wata ba tare da wani daga cikinmu ya taɓa tambayar ta wace hanya take zuwa ba. Alat ya shigo, a aiki yaro ya ciro, shi ke nan. Abin da zan ba da labari ya faru ne a 2024, kuma zan faɗa tun daga farko cewa yawancin wahalar ni na jawo mana da hannuna, saboda gaggawa da rashin tambaya. Na rubuta ne domin duk mai tsohon soja a gida, ko matar marigayi, kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Tushen matsalar ya girme ni. Ranar da Baba ya tsaya gaban magatakarda a Defo, an tambaye shi sunansa ya faɗa, aka tambaye shi na biyu sai ya ba da sunan garinmu, kamar yadda mutanen arewa da yawa suka yi a makarantun kwana da gidan soja a wancan zamani. Shekarun haihuwa kuwa duban fuska aka yi aka rubuta. Da wannan suna da wannan shekara ya yi aiki, da su aka ba shi takardar sallama, da su aka buɗe masa asusun banki, da su ya yi BVN. To a 2021, lokacin da aka matsa kan haɗa layin waya da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, ƙanena ne ya raka shi yin rajista. Yaro ya ga ai sunan gari ba suna ba ne, sai ya cike fom da sunan Baba da na mahaifinsa da na kakansa, ya kuma sa shekarar da Inna ta ce ita ce ta gaskiya, wadda ta bambanta da ta soja da shekara huɗu. Babu wanda ya ga aibu a ciki. Layin waya ya buɗe, kowa ya manta.

A watan Maris na 2024, bayan umarnin da Babban Bankin Najeriya ya bayar cewa a hana cire kuɗi daga asusun da bayanansa ba su cika ba, ƙanena ya je wurin mai POS ya dawo hannu rabbana. Azumi ya kama ke nan, kuma shekara guda kafin haka Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafa sun yi nauyi, harshe ma ya ɗan karye, maganin hawan jininsa kuma daga wannan kuɗi ake saya. Na ɗauke shi a adaidaita sahu muka je banki. Mun isa ƙarfe tara, ba mu ga ma'aikaciyar da ke kula da korafi ba sai bayan azahar. Ta duba kwamfuta ta juyo da ita ta nuna mini: suna biyu, shekara biyu, ga hoton mutum ɗaya. Ta ce dole ɗaya ya bi ɗaya, ko a gyara na katin ɗan ƙasa ya dace da na banki, ko a gyara na banki ya dace da na katin. Na tambaye ta wanne ya fi sauri, ta ce na banki, in dai na kawo takardar rantsuwa daga kotu da shafin jaridar da aka buga sauyin suna. Ita amsar tambayata ta ba ni, ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ban gaya mata cewa asusun na fanshon soja ba ne, ban kuma tambayi abin da zai biyo baya ba. Cikin kwana tara na yi rantsuwa, na buga jarida, na kai, aka mai da sunan asusu irin na NIN. Kuɗin Maris suka fito muka yi cefanen sallah, ina ta jin kaina gwani.

Ƙarshen Afrilu shiru. Muka ce ko jinkiri ne. Baba ya sa aka kira masa wani abokin aikinsa a Tudun Wada, ya ce shi tun ranar Talata ya ga nasa. Mayu ma ta ƙare shiru. Na koma banki, suka ce su dai babu abin da ya shigo, in je can inda ake turo kuɗin. A nan ne na gane ban ma san inda ake turowa ba. Ɗan soja, wanda aka haifa a bariki, ya yi wayo a bariki, amma ban san sunan ofishin da ke biyan mahaifina ba. Cikin wannan ruɗani wani mutum da ke zama a shagon fotokwafi kusa da banki ya ji ina waya, ya matso ya ce yana da hanya a Abuja, in ba shi naira dubu ashirin da lambar Baba, cikin sati biyu za a saki kuɗin. Na ba shi. Sati biyu ya zama uku, daga baya layinsa ya daina shiga. Wannan dubu ashirin har yau ban gaya wa Baba ba, sai dai in wani ya karanta masa wannan.

Inna ce ta ce, "Kai da kake ta yawo, ka je ofishin 'yan mazan jiya mana, ai can abokan babanka suke taruwa." Bayan babbar sallah da kwana uku na shiga mota zuwa Kaduna. Ƙungiyar 'yan mazan jiya tsohuwa ce, tun 1964 aka kafa ta da doka, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ita ce ke sayar da ɗan tambarin nan da manya ke maƙalawa a ƙirji gabanin bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu. Ni a da iyakar sanina da su ke nan, sai kuma masu gadin da ke sanye da kayansu a ƙofar wasu ma'aikatu. Ofishin ɗaki biyu ne da baranda, benci uku, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Dattijon da na samu a teburi bai tambaye ni sunan Baba ba, cewa ya yi, "Mene ne lambarsa?" Na ce ban riƙe ba. Ya cire tabarau ya dube ni tsawon lokaci, ya ce, "Ɗana, soja lamba ne. Suna kowa na da irinsa, lamba kuwa mutum ɗaya ke da ita har ya shiga kabari." Na kira gida aka kara wa Baba waya a kunne. Mutumin da tun da ciwo ya same shi in zai ce a ba shi ruwa sai ya maimaita sau biyu, ya karanto lambar nan tun daga 79NA, wato farkonta da ke nuna zamanin da aka ɗauki soja, har ƙarshe, tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya. Dattijon ya yi murmushi ya ce ashe yaro ne, su 'yan 63NA ne, su suka yi yaƙin basasa.

Da na warware masa abin da na yi, bai yi mini faɗa ba, amma ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun a Maris. Fanshon soja ba ya bi ta kamfanonin fansho irin na ma'aikatan farar hula, domin tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin nan na tara kuɗi. Hukumar Fansho ta Sojoji ce ke biya kai tsaye, ofishinta na Dutsen Alhaji a Abuja, kuma sunan da ke cikin jadawalinta shi ne na takardar sallama. In aka tura kuɗi da wancan suna ya tarar da asusu ɗauke da wani suna daban, dole a dakata, domin ta irin wannan ƙofa ce ɓarayi ke cin kuɗin matattu. Ya ce hanya biyu ce gabana. Ko in nemi a sauya sunan Baba a kundin aikinsa na soja, wanda zai bi ta hedikwata kuma ba ranar gamawa, ko in mai da komai ya koma kan takardar sallama. Ya ce, "Ita ce uwa. Sauran duk 'ya'ya ne, su za su bi ta." Ya yago takarda ya rubuta mini abin da zan tara: takardar sallama ta asali, katin shaidar ɗan fansho, wasiƙar ritaya, hoton fasfo, takardar shige da ficen kuɗi ta banki daga Janairu, sabuwar rantsuwa, da wasiƙar neman gyara da Baba zai sa wa hannu ko ya dangwala yatsa. Ko sisi bai karɓa ba. Da na miƙa masa dubu biyu na ce ya sha ruwa, ya ture hannuna ya ce in sayi tambari a watan Disamba.

A daren nan muka buɗe akwatin ƙarfen Baba, baƙi mai lambarsa da farin fenti a jiki, wanda tun muna yara ake hana mu zama a kai. Takardar sallamar na can ƙasa, an naɗe ta cikin leda biyu da wani tsohon rawani. A gefenta akwai gwangwanin alewa cike da lambobin yabo, zarensu ya koɗe. Na ɗauko ɗaya na tambaye shi ta ina ce, ya ce Laberiya. Su Baba suna cikin waɗanda jirgin ruwa ya sauke a tashar Monrobiya a watan Agusta na 1990, rundunar ECOMOG ta farko, wato ta kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ana ruwan sama ana ruwan harsashi. Ni lokacin ina shekara biyu. Ta biyun ta Saliyo ce, wannan kam na tuna, domin ina aji huɗu a firamare, kuma na tuna yadda Inna ke zama gaban rediyo da asuba da dare a watan Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka kutsa Firitawun, ba ta cin abinci sai an gama labarai. Wata goma sha huɗu bai zo gida ba. Ta ukun ta Darfur ce a ƙasar Sudan, inda ya ce ya shiga kasuwa a Nyala yana ta fama da Larabcin da bai iya ba, sai mai shago ya ce masa, "Malam, yi Hausa kawai," ashe jikan mutanen Sakkwato ne da suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a can. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗauko wani hoto, mutum shida tsugune gaban motar sulke, ya bi su da yatsan hagu ɗaya bayan ɗaya: wannan ya rasu a Laberiya, wannan ma, wannan a Saliyo ba a samu gawarsa ba, wannan ciwo ya kashe shi a Jos. Saura su biyu. Shekarata talatin da shida a duniya, sai da fansho ya tsaya sannan na ji wannan.

Washegari na fara da kotu. Rantsuwar wannan karon ta fi ta farko tsawo, domin sai da aka jera sunayen duka biyu aka ce mutum ɗaya ne, kuma daga yau sunan takardar sallama ne nasa. Na biya mai buga takarda dubu ɗaya da ɗari biyar, na biya kuɗin hatimi dubu biyu aka ba ni rasit. Jarida ta ci dubu shida, ta fito bayan kwana huɗu, na sayi kwafi uku domin kowane ofishi shafin asali yake so ya gani. Gyaran suna a NIN bai da tsada, gyaran shekarar haihuwa ne mai nauyi. Wanda aka haifa kafin 1992 sai ya kawo takardar shaida daga hukumar ƙidaya, ita ma sai da rantsuwar shekaru, wadda yayan Baba ya yi a matsayin wanda ya girme shi. Kuɗin gyaran shekara kuwa dubu goma sha biyar da ɗoriya na biya ta intanet na buga rasit. Abin da ya fi ba ni wuya ba kuɗin ba ne, ɗaukar Baba ne. Sau uku muna zuwa, kowane zuwa sai an kama shi an sa a adaidaita, an sauke, an nemo masa kujera a cikin cunkoso. Zuwa na farko mun makara lambobin ranar sun ƙare, na biyu muka zauna har la'asar intanet bai dawo ba, na uku na je ni kaɗai ƙarfe shida na safe na karɓi lamba ta bakwai, sannan na kira ƙanena ya kawo shi ƙarfe tara. Da haka na yi tun farko da tsohon bai sha rana sau biyu a banza ba. Aka ɗauki bayanai a tsakiyar Yuli aka ce mu jira saƙo. Ana cikin jira zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke a farkon Agusta, aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, komai ya tsaya. Sai kusan ƙarshen Agusta sabuwar takardar ta fito da sunan soja da shekarar soja.

Banki kuma suka ce sauya suna sau biyu cikin wata shida abin tuhuma ne, sai an tura hedikwatarsu. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne a kujerar da na yi shakka. Na haɗa musu kwafin takardar sallama da rantsuwa biyun da jaridu biyun, na rubuta bayani shafi guda da hannuna na amsa cewa kuskurena ne. Kwana goma sha biyu ya ɗauka. A duk tsawon wannan lokaci albashina na koyarwa ne ke riƙe da gida biyu, kajin Baba kuma muka sayar da rabi saboda buhun abincinsu ya fi ƙarfinmu. Ranar da mai saye ya zo yana kama su yana ɗaurewa, Baba na zaune a kujerar roba bai ce uffan ba.

A mako na biyu na Satumba muka tafi Abuja. Dattijon ofishin 'yan mazan jiya ya ce ana iya aika takardu, amma tunda akwai batun suna gara a ga mutumin ido da ido. Na zaɓi jirgin ƙasa saboda jikin Baba ba zai ɗauki zaman mota ba. Muka kwana Kaduna gidan ƙanwata, da sassafe muka shiga a Rigasa muka sauka a Kubwa, wadda ita ce tasha mafi kusa da Dutsen Alhaji, daga nan tasi. A bakin ƙofa wani matashin soja, bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya karɓi katin Baba ya duba, ya ga muƙami. Sai kawai ya haɗa ƙafa ya ƙame ya sara masa. Baba na jingine a kafaɗata, riga duk ta yamutse da zaman jirgi, na ji jikinsa ya miƙe, ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun daman nan da ya shanye, ya kai shi daidai ƙirji ya kasa wucewa. Yaron bai sauke nasa hannun ba sai da Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Baba, ku jira a nan," ya shiga ya fito da keken marasa lafiya ya tura shi da kansa har ciki. Ni dai na bi su a baya rungume da fayil ina kallon ƙasa, kada a ga idona.

A ciki an rubuta sunanmu a rajista aka ba mu lamba, muka zauna a zauren jira. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Ga Bayarabe mai ƙafar roba, ga wani dogon Batibi da gashi fari fat, ga mutumin Kalaba da ya ji muna Hausa ya juyo ya gaishe mu da Hausar bariki mai daɗi, ya ce a barikin Bukavu na Kano ya yi shekara tara. Cikin minti goma sun gano wa ya yi aiki da wa, a wace bataliya, ƙarƙashin wane kwamanda. Da Baba ya ambaci Lungi, filin jirgin saman Saliyo inda suka yi sansani, wani ya ce ai yanzu akwai bariki mai wannan suna a nan Abuja. Haka sunayen barikoki suke, in ka bi su tarihi ne: Chindit da ke Zariya, wadda nake wucewa kullum, da Kalapanzin ta Kaduna, duk daga yaƙin ƙasar Bama (Burma) na lokacin yaƙin duniya na biyu aka samo su, inda kakanninmu suka je suka yi yaƙi da Japan a dazukan da ba su taɓa jin sunansu ba. A gefena kuma wata mata ce da goyo, ba ta kai talatin ba, da fayil a cikin leda. Mijinta ya rasu a Borno. Ta ce matsalarta ita ce tun yana saurayi ya rubuta sunan yayansa a matsayin magaji, ya yi aure ya haihu bai koma ya sauya ba, yanzu duk takardar da za a sa wa hannu sai an nemo yayan daga ƙauye, shi kuma yana ganin haƙƙinsa ne. Ban san yadda ta ƙare ba, an kira lambarmu kafin tata.

Hafsan da ya saurare mu mace ce, kyaftin. Ta karanta wasiƙar, ta jera takardun a teburi ɗaya bayan ɗaya, ta nemi na asali ta gwada da kwafi ta mayar mini. Ta tambayi Baba lambarsa, da shekarar da ya shiga, da rundunar da ya bari aiki a cikinta, ya amsa duka. Aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, na dama ya ƙi kamawa sai da aka yi da na hagu. Abu ɗaya ya kusa mai da mu: takardar bankin da na kawo ba ta da hatimi, na buga ta ne daga waya. Allah ya taimaka akwai reshen bankin a Kubwa, na bar Baba da sababbin abokansa na hau babur na je aka buga mini aka sa hatimi, na dawo kafin ƙarfe biyu. Ta buga wa kwafin wasiƙarmu tambarin karɓa da kwanan wata ta ba ni, ta ce in adana shi, kuma kada in ba kowa ko kwabo da sunan zai hanzarta. Ta ce jadawalin Satumba ya riga ya rufe, mu sa ido a Oktoba. Ba mu biya komai a wurin ba. Duka tafiyar, jirgi da tasi da abinci da kwana ɗaya a masauki, ta ci mana kusan dubu arba'in da biyar.

In na haɗa lissafi, har da dubu ashirin ɗin da aka damfare ni, na kashe sama da dubu ɗari da ashirin wajen gyara abin da tambaya ɗaya za ta hana. Don haka ga abin da zan gaya wa duk wanda ke da tsohon soja a gida. Kada ka taɓa suna ko shekara a banki kafin ka buɗe takardar sallama ka ga abin da ke ciki, harafi da harafi, domin ko Muhammadu da Mohammed na iya tsayar da kuɗi. In akwai saɓani, katin ɗan ƙasa da banki ne za su bi takardar soja. Ka haddace lambarsa, ko ka rubuta ta a wayarka yau. Ka fara da ofishin 'yan mazan jiya mafi kusa kafin ka kashe kuɗin mota, sun san hanya kuma su ma ta nan suka bi. Duk takardar da ka miƙa ka nemi a buga maka tambarin karɓa a kwafinka, ta asali kuma a gani a ba ka, kada ka bar ta a teburin kowa. In tsohon ba shi da lafiya, kai ka je ka kama layi, a kawo shi in an kusa. Wanda kuma ke cikin aiki yanzu, ko ɗan'uwansa na ciki, a tuna masa ya duba wanda ya rubuta a matsayin magaji, musamman in ya yi aure bayan ya shiga. Fuskar matar nan mai goyo ba ta bar ni ba. Wani abin da na sani a makare shi ne akwai shirin inshorar lafiya na sojoji da ya haɗa da waɗanda suka yi ritaya. Sama da shekara guda muna sayen magani a kemis da kuɗinmu, sai a zauren jiran nan mutumin Kalaba ya tambayi Baba wane asibiti ya zaɓa, muka kalli juna. Yanzu mun yi rajista, a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna yake ganin likita.

Ranar 29 ga Oktoba ina cikin aji wayata ta yi ƙara, ƙanena ne yana ihu, alat ya shigo. Na wata ɗaya ne. Ariyas na wata shida ya biyo baya a cikin Nuwamba, a dunƙule. Abu na farko da Baba ya ce a yi shi ne a sayo 'yan tsaki ɗari, na biyu a biya mai kemis bashinsa, na uku a kai wa matar ɗaya daga cikin mutanen hoton nan buhun shinkafa a Sabon Gari, ashe duk shekara yana yi ba mu sani ba.

A Disamba na koma ofishin 'yan mazan jiya na sayi tambari biyar kamar yadda na yi alkawari, dattijon ya gane ni tun daga baranda ya kira ni da lambar Baba. Ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, wadda ake tunawa da waɗanda suka kwanta dama, Baba ya tashe ni tun kafin asuba. Ya sa Inna ta goge masa farar shadda, ni kuma ya zaunar da ni da allura da zare in jera masa lambobin a ƙirji. Sau biyu yana sa ni in warware, wai na sa ta Darfur gaban ta Laberiya, kuma ba haka ake jerawa ba. A filin taron da aka busa ƙahon nan mai sanyi aka yi shiru na minti ɗaya, ya ce in ɗaga shi daga keken. Na riƙe shi ta hagu, ƙanena ta dama, ina jin leɓensa na motsi a hankali. Na zaci addu'a yake yi, sai da na kara kunne na ji lambobi ne yake jerowa, guda huɗu, kowace da sunan mai ita a ƙarshe.